Kira ga Hukumar NADDC: Motar da Za Ta Ɗauki Sunan Najeriya Ta Zo da Fuskarta

Zuwa ga Babban Darakta,
Hukumar Zanawa da Bunƙasa Ƙirar Motoci ta Ƙasa, NADDC,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na rubuto ne in kawo kuka a kan wani sashe na aikin hukumarka wanda ba a cika ɗaga murya a kansa ba. Kullum ana maganar harajin shigo da motoci, da tsadar man fetur, da komawa ga gas da lantarki, kuma duk sun isa a yi maganarsu. Amma siffar motar kanta, wato fuskarta da tsayin gabanta da faɗin gilashinta da yadda ƙofarta take karɓar mutum, ba kasafai ake tada zancen ba. Alhali kuwa wani ne ya zauna ya zana ta, ya yanke inda fitila za ta zauna da inda kan fasinja zai tsaya. Kukan nawa biyu ne a ƙulle wuri ɗaya. Akwai munin da ya mamaye ƙirar motocin wannan zamani, akwai kuma wanda ya fi ci mini rai, wato yadda motocin da ake maƙala wa tambarin gida suke fitowa da fuskar motocin wasu.

Ƙofarka na ƙwanƙwasa, domin doka ce ta nuna mini ita. A 2014 aka haɗe hukumomi biyu aka samar da taka: majalisar harkar motoci ta ƙasa da aka kafa a 1993, da cibiyar zanen mota da ke Zariya. Ke nan rabin gadon da hukumar ta ci zane ne. Kujerar da kake kai kuma, daga 2017 zuwa 2023 Jelani Aliyu ne ya zauna a kanta, ɗan Sakkwato da ya yi karatun zanen mota a birnin Detroit na Amurka, ya yi aiki da kamfanin General Motors, ya kuma zana samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Saboda haka babu buƙatar a tsaya gardamar ko ɗan ƙasar nan zai iya zana mota, an riga an gani. Abin tambaya shi ne me ya hana mu ganin aikin irin wannan hannu yana yawo a titunanmu.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san lokacin da kowace mota take da fuskarta. Yaro yana zaune a dakalin ƙofar gida zai hango mota tun daga kwana ya ce Fijo ce 504, domin fitilunta masu kusurwa da bayanta da ya ɗan rusuna nata ne ita kaɗai. Kamfanin zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya fitar da siffarta, ta shigo kasuwa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har 2006. Gilashinta yalwatacce ne, direba yana ganin ko'ina, cikinta yana ɗaukar mutum da babbar rigarsa da hularsa, ƙasanta kuma ya ɗaga daidai yadda za ta bi hanyar burji ba tare da ta kwana a gareji ba. Daga aikinta kyanta ya fito. Haka Beetle ta Volkswagen, haka Marsandin da aka laƙaba wa V-boot, haka jerin Honda da dillalai suka yi ta raɗa wa sunaye, su Hala da Bulldog da Baby Boy. Mutane ba sa raɗa wa mota suna sai ta yi musu wata kama da za su riƙe. Yau a shiga wurin sayar da motoci a Kano ko Abuja, a jera jif goma na kamfanoni daban-daban, a rufe tambarinsu da tafin hannu. Ko tsohon dillali sai ya yi jim kafin ya bambanta su: ƙaton baki a gaba, tsukakkun idanu a sama, kumburarren jiki, ɗan ƙaramin gilashi a baya, kuma mafi yawansu fari ne ko baƙi ko ruwan toka.

Ba zan zalunci masu zanen ba, akwai abubuwan da suka ɗaure musu hannu. Duk mai son motarsa ta rage shan mai dole ya lanƙwasa rufinta yadda iska za ta zame ta wuce, shi ya sa kamfanoni da yawa suke ƙarewa a siffa ɗaya. Dokokin kare rayuka sun sa ginshiƙan da ke riƙe da rufi sun yi kauri, sun kuma tilasta barin sarari tsakanin bonet da injin don rage raunin wanda aka buge. Ga tattalin kuɗi kuma: tun 2012 rukunin Volkswagen yake ɗora Golf da Audi A3 da Skoda Octavia da wasu da dama a kan casis iri ɗaya da suke kira MQB, sauran manyan kamfanoni ma haka suke yi. Wannan duk abin fahimta ne.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ƙaryar da aka mayar ado. Da masu zane suka ga motocinsu sun zama ɗaya, maimakon su nemi kyau a daidaiton jiki, sai suka tattara ƙarfinsu a kan fuska. Lexus ta fito da bakin nan mai tsukakken ƙugu a 2012, BMW ta kumbura hancin motarta ƙirar 4 Series a 2020 har masoyan kamfanin na ainihi suka yi ta ƙorafi, saura kuma suka bi sahu, kowa yana neman ya fi wani faɗin baki. In an leƙa da kyau, sau da yawa za a ga wani babban ɓangare na ragar nan ta gaba a toshe yake da roba, iska ba ta ratsa shi. In an zagaya baya, za a tarar da bakin salansa biyu masu ƙyalli waɗanda ba su haɗu da komai ba, salansar gaskiya tana ɓoye a ƙarƙashi. A gefe ga ramukan shan iska da ba su ɓule ba. Jikin kuma an cika shi da tsage-tsage da lanƙwashe-lanƙwashe marasa aikin yi, waɗanda ba sa amfanar kowa, sai dai su wahalar da mai gyaran bodi ranar da aka goge ta. Motar iyali, wadda aikinta kai yara makaranta da kai mai juna biyu asibiti, an ɗaure mata fuska an ba ta kallon faɗa.

Masu wannan sana'a sun san yadda muni yake samuwa, domin suna da darasin Pontiac Aztek. General Motors ta nuna samfurinta a 1999, amma da aka zo ƙerawa sai aka matsa siffar a kan casis ɗin wata motar iyali don a rage kashe kuɗi, tsayi da faɗi suka saɓa, aka daina yin ta a 2005, har yau kuma da ita ake buga misali idan ana zancen mummunar mota. Abin da ke faruwa ke nan idan aka gama yanke komai sannan aka kira mai zane ya zo ya shafa kwalliya.

Da munin ya tsaya a ido, ranka ya daɗe, da na haƙura na yi shiru, don abin da wani ya ƙi shi wani yake so. Amma siffar mota tana taɓa rai. A 2023 cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta fitar da binciken da ya nuna cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40, wato kusan mita ɗaya, sun fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu gaban da ya gangara kuma bai wuce inci 30 ba. Dalilin a fili yake. Mota mai ƙaramin gaba ƙafa take duka, ta ɗaga mutum ta ɗora shi a kan bonet. Mai dogon gaba a miƙe ƙirji da kai take samu, ta kuma tura mutum ƙarƙashinta. A Amurka ke nan aka yi wannan lissafi. Mu kuwa titinmu shi ne kasuwarmu, a nan 'yan talla suke, da almajirai, da 'yan makaranta masu tsallakawa a guje, da masu tura kura. Ƙaramin yaro zai tsaya a gaban irin waɗannan manyan jif, direba yana zaune a sama bai san da shi ba. Duk lokacin da aka ɗaga hancin mota don ta yi kwarjini, wani ne a ƙasa yake biyan kuɗin wannan kwarjini.

Sannan yawancin wannan ado ba don mu aka yi shi ba. Rufin gilashi na ƙasashen da ake marmarin rana ne. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, azaba ce mutum ya saya da kuɗinsa. Manyan wili da siririyar taya suna kyau a hoto, amma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa wilin ya fasa tayar. A da idan ƙwan fitila ya mutu, sai a leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo ƙwai a saka. Yanzu fitilun motoci da yawa a rufe suke ruf, idan sashe ɗaya ya lalace sai an sayi gidan fitilar gaba ɗaya. An kwashe maɓallai an zuba su a cikin allo, direba sai ya ɗauke ido daga hanya kafin ya rage sanyin mota. Turawan ma sun fara dawowa daga rakiyar wannan, domin hukumar Euro NCAP mai auna lafiyar motoci a Turai ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa duba ko sigina da hon da waifa da fitilar haɗari suna da maɓallin da hannu zai taɓa kafin ta ba da cikakken maki.

Waɗannan motocin wasu ne, ba mu da iko da teburin da ake zana su. Inda muke da iko shi ne a kan abin da ake kira namu, kuma nan ne zuciyar wannan takarda.

Ina cikin masu jinjina wa Innocent Chukwuma, wanda ya kafa masana'antar Innoson a Nnewi, aka buɗe ta a 2010, a lokacin da masu kuɗi da yawa suka ga shigo da motocin Kwatano ya fi sauƙi da riba. Ya ɗauki 'yan ƙasa aiki, ya yi abin da mutane da dama suka ce ba zai yiwu ba. Ƙaunar da nake yi wa wannan yunƙuri ce ta sa ba zan ɓoye abin da kowa yake gani ba. Duk mai ido idan ya kalli jif ɗin IVM G80 zai ga BJ80 ta kamfanin BAIC na ƙasar Sin, idan kuma ya kalli BJ80 zai ga Marsandi G-Class da ta fara fitowa a 1979. Ba a nan kaɗai abin ya faru ba. A Kenya kamfanin Mobius ya fara da motar da ya zana da kansa don hanyoyin karkara, mai sauƙin jiki da sauƙin gyara, amma da ya zo fitar da Mobius 3 a 2021 sai ya ɗauko BJ40 ta BAIC ya sa mata sunansa. Ina bambanta wannan da haɗa Fijo a Kaduna ko Hyundai a Legas, domin waɗannan da sunan masu su suke fita, ba wanda aka ruɗa. Abin da ke damuna shi ne a ɗora tambarin gida a kan fuskar waje, a ce da mu ga ƙirar Najeriya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Wanda ya sayi motar da ke kama da Marsandi ya san ba Marsandi ya saya ba, maƙwabcinsa ma ya sani, kuma darajar da ya kamata ta tafi ga sunan kamfanin gida sai ta koma ga mai asalin fuskar.

Akwai kuma haɗarin shari'a. A 2014 wani kamfanin Sin ya nuna Landwind X7, wadda kusan ba ta da maraba da Range Rover Evoque. Kamfanin Jaguar Land Rover ya kai ƙara, a watan Maris na 2019 kuma wata kotu a Beijing, a cikin ƙasar Sin ɗin kanta, ta ba shi gaskiya ta hana ƙerawa da sayar da motar. Kafin nan, a 2008, wata kotu a Turin ta hana shigar da Great Wall Peri kasuwar Turai saboda kamanninta da Fiat Panda. Muna fatan sayar da motocinmu ga maƙwabta a ƙarƙashin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Ranar da motarmu ta fara cin kasuwa har ta tsone wa mai asalin siffar ido, ranar lauyoyinsa za su tashi.

Na san za a ce kowa da kwaikwayo ya fara, kuma gaskiya ne. Motar fasinja ta farko da Toyota ta fitar kasuwa, ƙirar AA ta 1936, siffar Airflow ta kamfanin Chrysler ta bi. Hyundai ta fara ne da haɗa Ford Cortina a ƙarshen shekarun 1960. Amma a duba abin da ya biyo baya. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Koriya ta Kudu ta matsa wa kamfanoninta su fito da motar gida. Hyundai ta ɗauko injin Mitsubishi, ta je Italiya ta biya Giorgetto Giugiaro, wanda ya zana Golf ta farko, ya fitar mata da siffar da ba ta kowa ba ce, aka samu Pony a 1975. A wannan shekarar ce dai masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara fitar da motoci. Tare muka tashi da su. Su suka mallaki zane, mu muka tsaya a ɗaure noti. Kia ta ɗauko Peter Schreyer daga rukunin Volkswagen a 2006 ya ba motocinta fuskar da ake gane su da ita. Sinawan ma da aka daɗe ana yi wa gori sun farga, Geely ta ɗauki Peter Horbury na Volvo, BYD ta ɗauki Wolfgang Egger da ya yi aiki a Audi da Alfa Romeo, kuma yau motocinsu da fuskarsu suke shiga Turai. Duk sun bi ta kwaikwayo, ba wanda ya kafa gida a cikinsa.

Mu kuwa mun taɓa gwada zama a ciki, mun ga ƙarshensa. A shekarun 1970 aka kafa Fijo a Kaduna, Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO ta Marsandi a Enugu, Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motoci ta Fiat a Kano. Dukansu haɗawa suke yi, zanen yana can Faransa da Jamus da Ingila da Ostiriya da Italiya. Da tattalin arziki ya juya, naira ta faɗi, motocin gwanjo suka cika ƙasa, sai aka bar mu da manyan rumfuna da ƙwararrun ma'aikata, amma babu siffar mota ko ɗaya da za mu ce mallakarmu ce mu ci gaba da ƙerawa da kanmu. Ina jin tsoron kada mu sake bin wannan hanya, da bambancin kawai cewa akwatunan daga Sin suke zuwa yanzu.

Hujjar da ta fi nauyi a wajen masu masana'antu ita ce kuɗi, kuma ba na raina ta. Ƙarafan da ake matse bodin mota da su suna da tsadar gaske, ba a mayar da kuɗinsu sai an sayar da motoci dubbai masu yawa, kasuwar sababbin motoci kuma a nan ƙarama ce. Sai dai ba dole ba ne a fara da motar alfarma. Land Rover ta farko, a 1948, da shimfiɗaɗɗen gorar ruwa aka yi jikinta saboda ƙarancin ƙarfe bayan yaƙin duniya na biyu, kuma wannan sauƙin ne ya zama fuskarta. A Indonesiya, Toyota Kijang ta fito a 1977 da jiki mai kusurwa wanda ake lanƙwasawa da ƙananan na'urori, aka yi ta don iyali da ɗan kasuwa na can, ta yi ta girma har ta haifi Innova. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Marcopolo. Kowa a tasha ya san wannan suna, har ya zama sunan duk wata doguwar bas. To kamfanin Brazil ne da ba ya ƙera injin. Casis ɗin Marsandi ko Scania ko Volvo yake karɓa ya gina masa jiki da zanen kansa, kuma sunansa ne duniya ta riƙe. Ke nan ana iya aron injin da giya da birki ba tare da an ari fuska ba.

Motocin da suka fi ɗaukar talakan Najeriya ma su ne suka fi sauƙin wannan aiki: adaidaita-sahu, da bas ɗin haya, da a-kori-kura. Adaidaita-sahun da ke cika Kano zanen Indiya ne na su Bajaj da TVS. A dubi abin da masu shi suke yi masa da zarar ya fito daga kwali. Sai sun kai shi wajen mai walda an ƙara ƙarfen kariya, an ɗaura labule saboda rana da ruwa da ƙura, an gyara wurin zama. Bas kuma sai an ƙara mata sifirin, an gina mata wurin lodi. Kowane ɗayan waɗannan gyare-gyare shaida ne cewa mai zanen bai san mu ba, kuma masu walda na Panteka a Kaduna da takwarorinsu na sauran garuruwa sun daɗe suna gyara masa aikinsa ba tare da an taɓa tambayarsu abin da suka gano ba. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da mayar da ƙananan bas masu fetur zuwa lantarki, daga baya ya shiga gina tasa. A Uganda, aikin ɗaliban jami'ar Makerere ne ya zama kamfanin Kiira mai ƙera bas ɗin Kayoola. Hannayen suna nan, jagora suke jira.

Idan na ce fuskar Najeriya, ba ina nufin a liƙa dagin Arewa a bonet ko a shafa kore da fari a ƙofa ba. Wannan ma kwalliyar ƙarya ce, ƙanwar salansar roba. Ina nufin motar da aka auna tsayin rufinta da mai rawani da mai ɗaurin gwaggwaro, aka auna matakinta da tsohuwa mai zani da mace mai goyo, aka yi mata tagogin da ke ba da iska ranar da na'urar sanyi ta mutu, aka ɗaga hancin shaƙar iskarta daga ƙurar hunturu, aka raba bambarta gida uku don wanda ya fasa kusurwa ya sayi kusurwa kawai. Idan aka bi waɗannan da gaskiya, siffar da za ta fito ba za ta yi kama da ta kowa ba, domin buƙatunmu ba irin na kowa ba ne. Kyau kuma zai biyo, yadda ya biyo 504.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe. Tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2023 zuwa 2033 ya sa burin kai kayan gida zuwa kashi 40 cikin ɗari. Ina roƙon a lissafa zane a cikin wannan kaso, kuma a ba shi nauyi. Rangwamen haraji ya zama hawa-hawa: wanda ya shigo da mota a warwatse ya ɗaure ta yana da nasa, wanda ya sake mata gaba da baya da ciki da zanen 'yan ƙasa ya fi shi, wanda ya gina jikin gaba ɗaya ya fi kowa. A ba kamfanoni wa'adi mai ma'ana, don ba a son a karya wanda ya riga ya zuba jari, amma su san cewa matakin farko ba wurin zama ba ne. Kafin a kai can, a wajabta wa duk mai sa tambarin gida ya bayyana wa mai saye asalin motar da kamfanin da ya zana ta, ya kuma nuna wa hukuma izinin da yake da shi na amfani da siffar. Mai gaskiya ba zai yi asarar komai da wannan ba. Wanda kuma ya zana nasa, a taimaka masa ya yi rajista a ƙarƙashin dokar mallakar ƙirƙira da zane ta 1970, wadda ke ba da kariyar shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu, don kada gobe wani ya kwafe masa.

Babban makamin kuwa yana hannun gwamnati, domin ita ce babbar mai saye. Umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003 na 2017 ya riga ya sa motoci a cikin kayan da ma'aikatu za su fifita na gida wajen saye, kuma tun bayan cire tallafin mai a 2023 gwamnatin tarayya da na jihohi suke ta sayen bas masu amfani da gas. Ina roƙon hukumarka ta zauna da ma'aikatar masana'antu da hukumar kula da sayayyar gwamnati, a zaɓi mota ɗaya tak, ko bas ɗin cikin gari ko motar ɗaukar marasa lafiya ta karkara, a ce wannan zanenta na gida zai kasance, a kuma yi alkawarin sayen adadin da zai sa ƙera ta ya biya. Gasar zane da ke ƙarewa da ɗaukar hoto da miƙa kyauta ba ta haifar da mota. Wadda za ta haifar ita ce wadda kyautarta ita ce a ƙera abin da ya yi nasara, a ga yana ɗaukar fasinja. A cikin alƙalan gasar kuma a sa direban haya, da makanike, da mai gyaran bodi, da matan da ke hawa da yara, tun ana kan samfurin laka, lokacin da gyara bai da tsada.

Sai maganar masu zanen kansu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zanen masana'antu da ya daɗe yana yaye masana tukwane da saƙa da gilashi da zanen bugawa, tana da tsangayar injiniya, kuma a garin ne cibiyar hukumarka take. Ban ga wurin da ya fi Zariya dacewa da a buɗe cikakken kwas na zanen abin hawa ba, mai ɗakin sassaƙa samfuri da laka da kwamfutocin aiki, inda ɗalibin zane da ɗalibin injiniya za su yi aiki a tebur ɗaya. Tallafin karatu na jihar Sakkwato ne ya kai Jelani Aliyu Detroit. Hukumarka za ta iya tura wasu kaɗan duk shekara, da sharaɗin su dawo, da kuma tabbacin cewa idan sun dawo akwai aikin da ke jiransu a kamfanonin da ke cin rangwamen gwamnati.

Roƙona na ƙarshe ya shafi har motocin da ake shigowa da su. Ina fatan hukumarka ta haɗa kai da hukumar kula da ingancin kaya ta SON da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC a fitar da ma'auni a kan tsayin gaban mota da iyakar abin da direba yake iya gani daga kujerarsa, a fara aiki da shi a kan motocin da gwamnati take saye da kuɗin jama'a, tun daga jerin gwanon manyan jami'ai, sannan a faɗaɗa shi zuwa sababbin motocin da ake haɗawa ko ake shigowa da su don sayarwa.